Kuɗin Burodi da Haƙƙin Baƙunci

Hausawa na cewa baƙo raɓa ne. Ma'anar maganar a fili take: raɓa da dare take sauka, rana na fitowa ta bushe, saboda haka mai gida ya yi haƙuri da baƙonsa, ya kyautata masa, tunda ba zama ya zo yi ba. Sai dai waɗanda suka yi wannan karin magana baƙo ɗaya suke nufi, ko biyu, ko ayarin fatake da ke sauka zango ya kwana uku ya ɗaura kaya. Ba su hango zamanin da baƙi za su riƙa sauka gari ɗaya dubu-dubu kowace safiya ba, kowannensu ya wuce kafin dare, gobe wasu dubban su maye gurbinsu, har ya zamana mai gida bai ƙara ganin ƙofar gidansa a bushe ba. A irin wannan hali, me ya rage na haƙƙin baƙo, me kuma ya hau kansa? Tambayar da za mu bi ke nan, kuma za mu bi ta ne ta kan abu mafi ƙanƙanta da ɗan yawon buɗe ido ke yi: ya tsaya wani ɗan shago ya sayi burodi da haɗi, ya ci a hanya, tsakanin kallon wannan gini da kallon wancan.

Titin Neri da abin da ake ci a cikinsa

Birnin da Faransawa ke kira Filorans, masu shi kuma suke kira Firenze, yana yankin Toskana a tsakiyar ƙasar Italiya, a bakin kogin Arno. Mazaunansa ba su kai dubu 400 ba, amma miliyoyin mutane ke zuwa kowace shekara don su ga ƙubbar babbar majami'arsa, wadda magini Brunelleschi ya tayar daga 1420 zuwa 1436, su ga gidan zane-zane na Uffizi, su taka tsohuwar gadar Ponte Vecchio. Tun 1982 hukumar UNESCO ta sa tsakiyar birnin cikin kayan gadon duniya. A shekarar 2019, gidajen tarihin da ke ƙarƙashin Uffizi kaɗai sun karɓi mutum fiye da miliyan 4.

Wanda ya yi awa uku a tsaye yana kallon zanen Botticelli, in ya fito cikinsa ke kiransa. Ƴan taku kaɗan daga bayan Uffizi akwai wani siririn titi mai suna Via dei Neri, wanda ya miƙe wajen unguwar Santa Croce. A nan ake sayar da wani burodi shimfiɗaɗɗe da aka gasa da man zaitun da gishiri, wanda suke kira schiacciata, wato abin da aka danne. Akan tsaga shi biyu, a cusa masa yankakken nama da cukun nonon tumaki da ganyaye, a naɗe a takarda a miƙa wa mutum. Shagon da ya fi suna a titin shi ne All'Antico Vinaio. Da ƙaramin wuri ya fara, sai yabon da matafiya ke rubutawa a intanet ya ɗaga shi, har ya buɗe wasu ƙofofi a titin, ya kuma buɗe reshe a New York a 2021. Da tsakar rana layin masu saye kan yi tsawo har ya toshe hanya. Da yake irin waɗannan shaguna ba su da wurin zaman da zai ɗauki taron, wanda ya karɓi nasa sai ya nemi inda zai tsuguna: gefen titi, ko matakalar wani gini, ko dokin ƙofar gidan wani bawan Allah.

A 2017 magajin garin na lokacin, Dario Nardella, ya sa a riƙa fesa ruwa da tiyo a matakalun wasu majami'u da tsakar rana, don kada a zauna a ci abinci a kansu. A watan Agusta na 2018 faɗa ya kaure a titin Neri tsakanin wani mai shagon kayan fata da wasu iyali ƴan Sipaniya da suka zauna cin abinci a bakin ƙofarsa. Da Satumba ta kama, ma'aikatar magajin gari ta fitar da doka ta wata huɗu, wadda ta hana tsayawa cin abinci a gefen hanya da bakin ƙofofi a titin Neri da wasu wurare uku na kusa da Uffizi, daga ƙarfe 12 zuwa 3 na rana, da kuma daga 6 na yamma zuwa 10 na dare. Tarar wanda ya karya dokar ta kama daga yuro 150 zuwa 500, wato wajen jikka 98 zuwa jikka 328 na sefa, alhali sanwicin kansa a lokacin yuro 5 ne ko kusa da haka, jikka uku da ɗoriya. Mutum na iya cin abincin jikka uku ya biya ninkinsa ɗari.

Hujjar matafiyi

Kafin mu yanke wa mai cin sanwici hukunci, adalci ne mu saurari abin da zai ce, domin hujjarsa ba ta banza ba ce. Zai ce: ban yi sata ba, ban yi roƙo ba, da kuɗina na saya, a shagon da hukumar gari ta ba izinin sayarwa. In gari ya yarda a sayar mini da abinci a takarda, ina yake so in ci shi? Zai ƙara da cewa gidan abinci mai tebur da kujera ba na kowa ba ne. A Italiya, yawancin irin waɗannan gidaje suna da kuɗin zama da suke kira coperto, wanda ake ɗora wa kowane kai kafin ma a lissafa abin da ya ci, kuma ko kofi ne, wanda ya sha a tsaye gaban kanta ba ya biyan abin da na zaune ke biya a manyan dandali. Ɗalibi, ko malamin makaranta da ya yi shekaru yana tara kuɗin tafiya, ko uba mai ƴaƴa huɗu, sanwici ne ke ba su damar ganin Filorans. Dokar da ta hana cin abinci a titi ba ta taɓa mai hali ba, tunda shi yana can zaune gaban farin ƙyalle.

Yana da wata hujja kuma daga tarihin garin kansa. Cin abinci a tsaye ba baƙi suka kawo shi Filorans ba. Ɗaya daga cikin tsoffin abincin titi na birnin shi ne lampredotto. Cikin saniya kashi huɗu ne, na huɗun shi ake dafawa a romo har ya yi laushi, a yayyanka a zuba cikin ƙaramin burodi da aka tsoma kansa a romon, a ɗiga miyar ɗanyen ganye da tafarnuwa. Abincin leburori ne da ƴan kasuwa, waɗanda tsoka ta fi ƙarfin aljihunsu, kuma har yau akwai masu rumfunansa a kusurwoyin gari, ana ci a tsaye. Shagon Nerbone da ke babbar kasuwa yana ƙirga shekarunsa daga 1872, ɗan shagon I Fratellini kuma, wanda bai fi faɗin ƙofa ba, daga 1875.

Matafiyin da ya yi karatu zai ma tuna mana da labarin gadar Ponte Vecchio. Da can mahauta ne ke da shagunan da ke kan gadar, suna zubar da ƙazantar yanka a kogi. A 1565 magini Vasari ya yi wa sarakunan gidan Medici wata rufaffiyar hanya ta saman gadar, don su riƙa ratsawa daga wannan fada zuwa waccan ba tare da sun cuɗanya da talakawa ba. A 1593 sarki Ferdinando na ɗaya ya kori mahautan saboda wari, ya zuba maƙeran zinariya a wurinsu, kuma su ne ke kan gadar har yanzu. Ke nan, kawar da abincin talaka daga idon manya tsohuwar al'ada ce a wannan birni, kuma mutum na da dalilin yin tambaya ko dokar 2018 ba jikar ta 1593 ba ce.

Hujjar mai gida

To, amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Mu ɗauki tsohuwar da ke zaune a hawa na biyu a titin Neri. Ba ta sayar da komai, ba ta da riba a cikin cinikin. Ta dawo daga kasuwa da kaya, ta tarar da mutum huɗu zaune a dokin ƙofarta, sai ta nemi gafara da harshen da ba su ji kafin ta shiga gidanta. Da yamma ta tarar da maiƙo a dutsen ƙofa, da takardu, da tantabarun da ɓurɓushi ya tara. Yau haka, gobe haka, daga bazara zuwa bazara. Ko ɗaya daga cikin waɗanda suka zauna bai yi mata mugunta ba, kowannensu minti goma ya yi ya tashi. Duk da haka an cuce ta, kuma ba ta da wanda za ta nuna ta ce shi ne.

A nan ne tambayar ta zama ta masu tunani. Tsoffin Girkawa suna da wata gardama a kan tsibi: ƙwayar hatsi ɗaya ba tsibi ba ce, in an ƙara ɗaya ma ba ta zama tsibi ba, to ƙwaya ta nawa ce ke mai da hatsi tsibi? Mai cin sanwici kan fake da wannan gardama ko da bai taɓa jin ta ba. Yakan ce a ransa: ni ɗaya me zan ƙara, me zan rage? Gaskiyarsa, in shi kaɗai aka cire, titin bai sake ba. Amma rumbu da ƙwaya ɗai-ɗai yake cika, kuma in kowace ƙwaya ta ce ba ita ta cika shi ba, an samu rumbu cike babu mai alhaki, abin da hankali ba ya ɗauka. Alhakin da aka raba wa mutum dubu yana raguwa a kan kowannensu, amma ba ya ɓacewa.

Masu ilimin ɗa'a sun daɗe suna ba da wani ma'auni: kafin ka aikata abu, ka tambayi kanka yadda duniya za ta zama in kowa ya yi yadda ka yi. Sau da yawa wannan tambaya a zuci kawai ake yin ta, sai mutum ya ƙirƙiro taron a tunaninsa. A titin Neri ba a bukatar ƙirƙira. Taron na nan a gaban ido, mutum ya tsaya a layinsa rabin awa, ya ga inda waɗanda suka riga shi suka zauna, ya ga abin da suka bari. Wanda ya ga haka sannan ya zauna a ƙofar mutane ba zai ce bai sani ba.

Mu da muka san rijiyar daji ba sai an yi mana dogon bayani ba. Guga ɗaya ba ta ƙafar da rijiya, amma makiyayin da ya zo daga nesa da garkensa ba ya zura guga sai ya yi sallama da masu wurin, ya ji lokacin da za a ba shi. Ba a hana shi ruwa, shi kuma ba ya mantawa cewa akwai waɗanda za su ci gaba da sha bayan ya wuce. Titi ma haka yake: na kowa ne, amma akwai waɗanda rayuwarsu ke rataye da shi.

Abin da kuɗi ke biya

Jigon maganar matafiyi shi ne: na biya. Sai mu duba abin da ya biya. Yuro biyar ɗin nan sun biya garin alkama da mai da cuku, sun biya hayar shago da ladan yaron da ya yanka burodi, da harajin da gwamnati ke cira. Da ya karɓi takardarsa, tsakaninsa da mai shago an rabu lafiya, ba bashi ba jingina. Amma tsohuwar hawa na biyu ba ta cikin wannan ciniki. Ba a tambaye ta ba, ba ta karɓi ko sisi ba, kuma dokin ƙofarta bai shiga farashi ba. Kuskuren yana nan: mutum ya biya mai shago, sai ya ji kamar ya biya garin duka.

Harshen Faransanci na da wata kalma da ke rikita ɗalibanmu a aji: hôte. Da ita ake kiran mai masauki, da ita kuma ake kiran baƙon da ya sauka. Italiyanci ma haka yake yi da kalmar ospite, kuma dukansu daga Latin suka gado ta. Hausa ta raba su biyu, ta ce baƙo, ta ce mai masauki, amma abin da kalmar Turawan ke nunawa mu ma mun san shi: baƙunci igiya ce mai baki biyu, kowa na riƙe da nasa. Ciniki yana ƙarewa da zarar an ba da canji. Baƙunci ba ya ƙarewa sai baƙo ya bar gari, kuma ko bayan ya tafi ana tuna yadda ya zauna. Ɗan yawon buɗe ido yana cikin alaƙa biyun a lokaci ɗaya: mai saye ne a cikin shago, baƙo ne da zarar ya taka waje. Rasiɗin da ke hannunsa na alaƙar farko ne kaɗai.

Masanin falsafa na Jamus Immanuel Kant, a ɗan littafin da ya fitar a 1795 kan dauwamammen zaman lafiya, ya taɓa wannan batu. A ganinsa kowane ɗan Adam na da haƙƙin ya isa ƙasar wasu ba tare da an ɗauke shi abokin gaba ba, domin duniya dunƙulalliya ce mai iyaka, ba mu da inda za mu watse har abada, tilas mu haƙura da juna. Amma ya bambanta wannan haƙƙi na ziyara da haƙƙin zama kamar ɗan gida, wanda shi sai masu gida sun yarda sun bayar, ya kuma ɗaura haƙƙin ziyarar da sharaɗin mai ziyara ya zauna lafiya. Idan muka auna da wannan, Filorans ba ta da ikon rufe ƙofa ga mai son ganin ƙubbar Brunelleschi, tunda ma an ce gadon duniya ce. Shi kuma mai ziyara ba shi da ikon mai da ƙofar wani ɗakin cin abincinsa, domin wannan gata ne na ɗan gida, ko na wanda ɗan gida ya ce masa zauna.

Akwai wani dalili da ya sa bai kamata mu yarda kuɗi ne ke sayen baƙunci ba, kuma ya shafe mu kai tsaye. A titunan Italiya akwai wasu baƙin, ƴan Afirka ta Yamma, da yawansu ta Agadas suka ratsa hamada kafin su hau teku. Su ba su zo kallon zane ba, kuma ba su da abin da za su kashe. In muka ce wanda ya biya shi ke da haƙƙi a gari, mun ce ke nan wanda bai da abin biya ba shi da haƙƙin komai. Gara mu tsaya kan cewa haƙƙin baƙo daga mutuncinsa na ɗan Adam yake fitowa, nauyin da ke kansa ma daga can. Mai kuɗi da maras kuɗi duk baƙi ne, abin da ake bin su ɗaya ne, abin da suke bi ma ɗaya.

Rabon mai shago da na hukuma

Wannan ba ya nufin a jibga wa matafiyi kayan duka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Shagon da ke sayar wa ɗaruruwan mutane abinci ba tare da ya tanadi wurin zama ba, titi ya mayar zauren cin abincinsa, bai kuwa biya hayar zauren ba: maƙwabta ke biya da haƙurinsu, masu shara da ƙarfinsu. Wannan tunani ne ya sa Eike Schmidt, wanda ya shugabanci Uffizi daga 2015 zuwa 2023, ya ba da shawara a 2021 cewa a ɗora wani haraji kan masu sayar da abincin hannu da ba su da tebur, a yi amfani da shi wajen wanke wuraren da ake ɓatawa. Ita ma hukumar gari tana karɓar harajin kwana daga baƙin da ke sauka otel tun 2011. Wanda ke karɓar irin wannan kuɗi, bencina da kwandunan shara da makewayi suna wuyansa tun kafin ya kai ga tara.

Ruwa kuma ba ya tsami banza. Sanwici alama ce ta wani ciwo da ya fi shi girma: tsakiyar birni na komawa wurin kallo, gidajen da iyalai ke zaune ana mai da su masaukin kwana biyu, shagon mai kayan miya na zama shagon tsaraba. A 2023 majalisar birnin ta kaɗa ƙuri'ar hana sabbin hayoyin ɗan gajeren lokaci a tsohon gari saboda wannan dalili. Fushin da mazaunin Neri ke saukewa kan mai cin burodi, rabinsa fushin ganin unguwarsa na kuɓuce masa ne.

Sai dai doka da tara suna da iyaka, suna ma da haɗari. A 2019 birnin Benis ya ci tarar wasu matafiya biyu ƴan Jamus yuro 950 don sun kunna ɗan risho suna dafa kofi a matakalar gadar Rialto. A 2024 kuma ya fara karɓar yuro 5 a wasu ranaku daga masu shigowa su wuni su fita. Irin wannan mataki na iya rage cunkoso, amma yana ƙarfafa tunanin da ya haifi matsalar. Wanda aka karɓi kuɗin shiga a hannunsa zai ƙara jin cewa gari filin wasa ne da ya sayi tikitinsa. Tara kuma, ga mai wadata, farashi ce kawai. Doka na iya tayar da mutum daga ƙofar wani, amma ba ta iya sa shi jin kunyar zaman, alhali kunyar ita ce ke tsare ƙofar a ranar da ɗan sanda ba ya nan.

Ladabin baƙo

Me ya rage wa wanda yunwa ta kama shi bayan kallo, aljihunsa kuma bai kai na tebur ba? Ya ci sanwicinsa, babu laifi a ciki, garin ma da irinsa ya rayu. Abin da ake nema gare shi bai da tsada. In ka je gari ka ga kowa da wutsiya, kai ma nemi ka ɗaura: ɗan Filorans mai cin lampredotto yakan tsaya jikin rumfar da ya saya, ya cinye, ya jefa takarda a kwando, ya tafi aikinsa. Baƙo na iya yin haka, ko ya taka minti biyar zuwa dandalin da ke da benci. Yana iya kauce wa lokacin da taro ya fi yawa, ko ya bar shagon da kowa ke ɗaukar hotonsa ya nemi wani a bayan layi, inda cinikinsa zai yi wa mai shago amfani ba tare da ya ƙara wa titi nauyi ba.

Yana iya kuma buɗe baki ya yi magana. Musulmi dai dole ne ya yi tambaya, domin yawancin naman da ake cusa wa schiacciata na alade ne, wanda suke kira maiale, sai ya nemi na cuku da ganye. Wannan tambaya da ake gani kamar takura, ita ce sau da yawa ke buɗe hira ta farko tsakaninsa da ɗan gari: an gaisa, an tambaya, an amsa, an yi godiya. Da ɗan gari akan ci gari. Wanda ya nuna hoto a waya ya miƙa kuɗi ya juya, ya cika cikinsa amma bai haɗu da kowa ba.

A wurinmu babba ba ya cin abinci yana tafiya a hanya, kuma wanda ya zauna ci a inda mutane ke wucewa yakan ɗaga kai ya ce bisimilla. Ba kullum ake amsawa ba, shi ma ya san haka. Amfanin kalmar shi ne ta shaida cewa mai ci ya ga mai wucewa, ya san ba shi kaɗai ne a wurin ba. Turawa ma suna da wannan a cikin harshensu: kalmar compagnon, wato abokin tafiya, asalinta daga Latin ne, ma'anarta wanda kuka ci burodi tare. Ba a ce matafiyi ya gutsura wa kowa burodinsa ba. Abin da aka ce shi ne ya ci yana ganin mutane, ya san cewa ƙofar da ke bayansa akwai mai ita.

Mutanen Filorans sun san ɗanɗanon baƙunci daga wajen babban mawaƙinsu, Dante, wanda aka haifa a birnin a 1265, aka kore shi a 1302, ya mutu a Ravenna a 1321 bai sake taka garinsu ba. Burodin yau da kullum na Toskana ba a sa masa gishiri, kuma a cikin doguwar waƙarsa Dante ya lissafa gishirin burodin wasu cikin wahalolin gudun hijira. Shi ya ci abincin baƙunci yana sane a kowace loma cewa na wasu ne. Matafiyin yau ba korarre ba ne, da ƙafarsa ya zo, da kuɗinsa ya saya, ba wanda ke nema ya ci da baƙin ciki. Amma sanin nan na cewa a garin wasu yake ci, bai kamata yuro biyar su shafe masa shi ba.

Ƴan uwa malamai da masu ƙungiyoyin al'adu, wannan darasi na ajinmu ne. Yaran da muke koyarwa za su yi tafiya fiye da yadda muka yi, wasu karatu, wasu fatauci, wasu aikin hajji, inda miliyoyi ke cin abinci a titunan gari ɗaya cikin ƴan kwanaki. Mu ma masu masauki ne: tun 2013 tsohon garin Agadas ya shiga jerin da Filorans ke ciki, kuma duk garin da ke fatan baƙi su zo kallo, wata rana zai fuskanci tambayar titin Neri. Mun iya koya wa yara haƙƙin baƙo, karin maganarmu cike take da shi. Ya kamata mu koya musu ɗaya bakin igiyar da ƙarfi iri ɗaya, don in ɗayansu ya tsinci kansa a wani birni da burodi a hannu, ya duba inda zai zauna kafin ya kai loma baki.